Wa Ke Riƙe da Wuƙar Rabo?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san iyakar gonarka. Kakanka ya dasa gamba a bakinta, ko aguwa, ko kuwa ya bar wani gawo ya zama shaida. In maƙwabci ya shigo maka ko da taki biyu ne, kafin rana ta take ka gani, kafin magariba maganar tana gaban maigari.

Akwai wata iyaka wadda ba a dasa mata gamba. A takarda take. Mafi yawanmu ba mu taɓa ganinta ba, amma ita ke faɗin inda ƙuri'arka za ta faɗa, da wanda zai yi magana da sunanka, da asusun da lanhonka zai shiga. Ita ce iyakar mazaɓa. Mazaɓa yanki ne da aka keɓe, aka ce mutanen cikinsa su zaɓi wakilansu tare. Ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa kwamin, mazaɓa ce ta kansiloli. Jiha kuma, a dokar zaɓen da aka yi aiki da ita har 2020, ita ce mazaɓar ƴan majalisar ƙasa.

Wannan iyaka ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne ke zama su ja ta, kuma sukan sake ta. To wa ya kamata ya ja ta? Da wane ma'auni? Kai da ke zaune a ƙauye, kana da baki a ciki, ko naka jira ne kawai?

Mu fara duba baya kaɗan. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Turai suka raba ƙasar Hausa a kan takarda. Suka gyara rabon a 1904 da 1906, sa'an nan aka zo aka kafa alamomi. Ba a tambayi kowa ba a Tasawa, ba a tambayi kowa ba a Katsina. Tsofaffin Maijirgi da Ko'ona sun san labarin ayarin Bule da Shanuwan na 1899, sun san yadda aka zo. Wannan iyaka ita ta sa yau ɗan'uwanka na Daura yake wata ƙasa, kai kana wata. A zamanin Turawa, Tasawa ce mazaunin kwamanda kafin a mai da shi Maraɗi. Shi ma wannan, umurni ne kawai aka ji.

Bayan mulkin kai, a 1964, aka kasa Nijar zuwa manyan yankuna 7 da gundumomi 32. Tasawa da Mayahi kowace ta zama gunduma. A 1972 aka cire Agye daga Tasawa. A 2011 kuma aka cire Gazawa daga Agye, lokacin da gundumomin ƙasa suka tashi daga 36 zuwa 63. Ka ga dattijon Gazawa, bai taɓa tashi daga gidan ubansa ba, amma ya zauna cikin gunduma uku.

Rabon da ya fi taɓa mu shi ne na ƙananan hukumomi. Dokar watan Yuni 2002 ta kafa kwamin 265 a ƙasa. Wata doka ta 2003 ta jera garuruwan kowace. Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli. Gundumar Tasawa ta samu 7: Tasawa, Maijirgi, Urafan, Korgom, Hawandawaki, Ko'ona da Bawdeta. Mayahi ta samu 8: Mayahi, Kanambakashe, Atantane, Isawan, Cake, Sarkin Hausa, Gidan Amumun da Alhasan Mairairai. An bi sawun ƙasashen sarakuna ne. Inda ƙasar sarki ta yi faɗi, aka yanka ta. Shi ya sa ƙasashen sarauta biyu na Mayahi suka haifi kwamin 8.

Lura da abu ɗaya. A wurare da yawa ba a je daji an kafa turke an ce ga inda kwamin ta tsaya ba. Sunayen garuruwa aka jera. Gari kaza na nan, gari kaza na can. To fadamar da ke tsakani fa? Burtali fa? Tungar da ƴan wani gari suka kafa cikin dajin wani gari fa, suna noma a nan, suna biyan lanho a can? Takarda ta yi shiru. Inda ta yi shiru nan rigima ke kwana.

Kuma kar ka ce ai duk ɗaya ne. Garin da ya zama cibiyar kwamin shi ke da biron magajin gari. Can ake yin takardar haihuwa. Can ake zama a ce rijiya kaza za a gina bana, aji kaza za a rufa wa kwano. Kuɗin da ake karɓa ran kasuwa, na rumfa da na dabbobi, asusun kwamin yake shiga. In an ɗauke gari mai babbar kasuwa daga wannan kwamin an kai waccan, an ɗauke saniyar tatsa ke nan. Mace mai ciki da za ta hau amalanke ta san bambancin kilomita 5 da kilomita 30, ko da ba ta taɓa ganin taswira ba.

Yanzu mu zo ga ma'auni.

Ka san watanda. Mutanen gari su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi-kashi. Kowa kuɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, don haka kashi ma dole ya zama ɗaya. In aka ga wani tsibi ya ninka wani, ba sai an kira malami ba, kowa ya san an yi zalunci. Ƙuri'a ma haka take. Ran zaɓe, ta sarki ɗaya ce, ta mai kiwon awakinsa ɗaya ce. Amma in mutum dubu goma na da wakili ɗaya, mutum dubu ɗari ma na da wakili ɗaya, to an ba kowa takarda ɗaya a hannu, an rage wa wasu nauyinta a ɓoye. Ingila ta yi fama da wannan. Kafin gyaran 1832, akwai wani kufai mai suna Old Sarum, masu zaɓensa ba su cika tabarma biyu ba, yana aika mutum biyu majalisa. Birnin Mancesta mai dubban ma'aikata ba shi da nasa ko ɗaya.

A nan gida, ƙidayar 2012 ta nuna ƴan Nijar sun wuce miliyan 17. Aka ƙara kujerun majalisa daga 113 zuwa 171 a zaɓen 2016, wato kamar kujera ɗaya ga mutum dubu 100. A wannan ƙidaya, Mayahi ta wuce rabin miliyan, Tasawa ma haka. A lissafi, kowace tana da nauyin kujera biyar.

Sai dai ga wani abu da zai sa ka tsaya. Tun zaɓen 1993 aka ware mazaɓu na musamman guda 8, irin su Bermo a nan jihar Maraɗi, da Bilma, Tasara, Tasker, Ngurti da Makalondi. Kowace kujera ɗaya. Gundumar Bilma a 2012 ba ta kai mutum dubu 20 ba. Ke nan muryar mutum ɗaya a Bilma ta kai nauyin ta mutum biyar a Mayahi. Shin wannan ba shi ne tsibin naman da ya ninka wani ba?

Ni a ganina ba shi ba ne, kuma ga dalili. Koma gidanka. Tuwo ɗaya ake tuƙawa, amma uwargida takan ɗebe wa ƙaramin yaro nasa a ƙwarya daban. Ta san in ta bar shi cikin akushi ɗaya da samari, hannunsa ba zai kai ba. Tubawa da Larabawa da Gurmawa da Fulanin daji, in aka zuba su cikin babbar jiha aka ce a ƙirga kai, har abada ba za su ga nasu a majalisa ba. Majalisar da ba mai sanin rijiyar hamada a cikinta za ta yi wa mutanen hamada doka a makance. Adalci yakan bukaci a ƙirga kai, yakan kuma bukaci a duba wanda ƙirga za ta haɗiye.

Amma ƙwaryar yaro tana da girmanta. Kujera 8 cikin 171 ba ta hana masu yawa mulki. Da a ce rabin majalisa aka ware haka, da maganar ta canza. Kuma abin da ya sa zuciya ke iya ɗaukar wannan shi ne an yi shi a fili, an faɗi dalili, kowa na iya karantawa ya ce na yarda ko ban yarda ba. Wanda ya fi haɗari shi ne rabon da ake yi da dare.

Bari in nuna maka yadda ake yinsa. Ɗauko ƙwayar wake 5 da ta gujiya 4, ka zauna a ƙasa. Kowace ƙwaya gari ɗaya ce, kuma garuruwan girmansu ɗaya. Masu wake sun fi yawa, ko ba haka ba? To raba su gida uku, kowane gida ƙwaya 3, kowane gida zai fidda wakili ɗaya. Ka sa wake 2 da gujiya 1 a gidan farko. Haka a na biyu. Na uku ya samu wake 1 da gujiya 2. Wake ya ci gida biyu, gujiya ta ci ɗaya. Daidai ne. Yanzu share ka sake. Tara wake 3 a gida ɗaya. Sauran gida biyu, kowane gujiya 2 da wake 1. Duba da kyau. Gujiya ta ci gida biyu, wake ya ci ɗaya. Ba wanda ya saci ƙuri'a. Ba wanda ya sayi kowa da sabulu ko turmin atamfa. Kowane gida ma ƙwaya 3 ne cif. Hannunka da ya ja layi shi ya ba marasa rinjaye mulki.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1812, a wata jiha ta Amurka mai suna Masacuset, gwamna Elbridge Gerry ya sa hannu a kan wata taswirar mazaɓu da aka yi don jam'iyyarsa. Wata mazaɓa ta fito a lanƙwashe kamar ƙadangare, har masu jarida suka zana ta da kai da farata. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan maguɗi a can, kuma har yau suna shari'a a kansa.

Sai ka ce, to mu a nan ai jiha sukutum ce mazaɓa, ba mai lanƙwasa ta. Gaskiya ne, kuma wannan alheri ne na tsarin. Har zaɓen 2020, kowace jam'iyya takan kawo jerin sunaye na jihar Maraɗi duka, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Amma shi ma da tasa illa. Tasawa ba ta da kujera da sunanta, Mayahi ma haka. A lokacin, shugabannin jam'iyya ne ke tsara jerin. Ɗan majalisa ya san wanda ya rubuta sunansa, sau da yawa kuwa shi ya fi tsoro, ba kai ba. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka nasu daban ne. Najeriya na da mazaɓu 360 na majalisar wakilai, jihar Katsina na da 15, kowace da wakilinta ɗaya da aka san ƙofar gidansa. Sai dai tun komawa mulkin farar hula a 1999 ba a yi wa mazaɓun babban gyara ba, alhali wasu garuruwa sun cika sun batse. Kowace hanya da ƙayarta. In wata rana aka zo maka da zancen a ba kowace gunduma mazaɓarta, kar ka yi saurin tafi, kar kuma ka yi saurin ƙi. Tambayi wanda zai ja layin.

Nan ne zuciyar maganar. Koma wajen watanda. A garuruwa da yawa, in an gama kasa nama, kowa sai ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani ɗan dutse. A ba yaron da bai san na wane ne ba, ya ɗora a kan tsibi. Me ya sa kakanninmu suka yi haka? Ba don mahauci ɓarawo ne ba. Sun san zuciyar ɗan Adam ne. In mai kasawa ya san tsibin da zai zama nasa, hannunsa zai yi nauyi a wajen ko bai yi niyya ba. In bai sani ba, zai daidaita su duka, don kowane na iya faɗo masa. Kalmar ƙuri'a ma daga irin wannan muka san ta.

To wanda ke neman kujera bai kamata ya zama shi ke yanka mazaɓar da zai tsaya a ciki ba. Haka wanda ke kan mulki yana son ya zarce. Haka attajirin da ke son a kai cibiya garinsu don filayensa su yi tsada. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mutane suka kaɗa ƙuri'a a 2008 suka karɓe wannan aiki daga hannun ƴan majalisa, suka ba wani kwamiti na mutum 14 waɗanda ba sa riƙe da kujerar siyasa. Wasu daga cikinsu ma ta hanyar jefa ƙuri'a irin ta watanda ake fidda su. Kwamitin ya bi gari-gari yana sauraren jama'a kafin ya fitar da taswira a 2011. Ba aljanna suka samu ba, amma sun raba wuƙa da mai jin yunwa.

Sarakunanmu fa? Sun san ƙasa, sun san tarihin kowane gari, ba a yin wannan aiki ba tare da su ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ma ta ba su wurin zama a majalisar kwamin, su ba da shawara ba tare da kaɗa ƙuri'a ba. Amma sarki shi ma yana da abin da yake karewa. Gari ɗaya ya fita daga hannunsa, girma ya ragu. A ji ta bakinsa, a ji ta bakin talakawansa, kar ɗaya ta tsaya a madadin ɗaya.

Wasu ma'aikata sukan ce talaka bai san taswira ba, me za a tambaye shi? Wannan magana ba ta da tushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke Yamai yana ganin layi miƙaƙƙe tsakanin gari da gari. Kai ka san inda yashi ke riƙe amalanke, ka san hanyar da ke yankewa da damina, ka san kasuwar da matanku ke ci, da garin da kuke aurayya da shi, da wanda kuka shekara talatin kuna shari'ar fadama. Mata masu yankan kaba a Gulbin Kaba sun san inda ƙafarsu ke kai su fiye da kowane biro. Makiyayi kuma, wanda arɗonsa ke wata kwamin, rijiyarsa na wata, shanunsa na ratsa uku, in ba a kira shi wajen taro ba, to an yi rabon ba da shi ba, kuma da kaka za a ji sakamakon.

Amma ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, mu ma talakawa muna da namu son zuciya. Kowane gari so yake ya zama cibiya. Wani ba don nisa yake neman a raba ba, don dai ba ya son ɗan garin can ya zama magajin gari a kansa. In aka bi son kowa, za a wayi gari da kwamin wadda lanhonta ba ya biyan albashin magatakarda, balle ya gina aji. Kwamin ƙarama na kusa da kai amma hannunta wofi. Babba na da ƙarfi amma ba ta jin kiranka. Ga gwajin da nake ba ka: dalilin da za ka kawo, in maƙwabcinka ya kawo irinsa a kanka, za ka karɓa? In ka ce garinku ya cancanci cibiya don ya fi jama'a, to ran da ƙidaya ta nuna wani ya fi ku, ka shirya sakin ta. In ba za ka iya ba, ba dalili kake da shi ba, kwaɗayi ne.

Ina muke yanzu? Zaɓen kansiloli na baya an yi shi ran 13 ga Disamba 2020, na ƴan majalisa ran 27 ga wannan watan. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, majalisar ƙasa ta rushe. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. A Maris 2025 aka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa mai wa'adin shekara 5, aka kuma rushe jam'iyyu. Wani zai ce, tun da haka ne, me ya kawo zancen mazaɓa? Ai tun ran gini ran zane. Duk ran da za a koma zaɓe, sai an rubuta dokarsa, sai an faɗi yawan kujeru da iyakar kowace. Ana yin wannan ne tun kafin ka ga akwati. Wanda ya jira ran zaɓe ya tarar da nama an riga an kasa.

Abin da ke hannunka ba kaɗan ba ne. Duk rabon kujeru daga ƙidaya yake farawa. Mutanenmu sun saba ɓoye kai tun zamanin da ƙirga ke nufin lanho da aikin tilas. Yau gidan da ya ɓoye mutum biyar ya rage wa garinsa nauyi, a kujera da aji da magani. In masu ƙidaya sun zo, a faɗi kowa, har jariri, har tsohuwar da ke cikin ɗaki. A yi wa yara takardar haihuwa, mata da maza, don ba a shiga rijistar zaɓe da baki kawai.

Sa'an nan ga karatun nan da ka wahala ka koya bayan sallar isha'i. Je biron kwamin ka nemi a nuna maka jerin garuruwanta. Duba ko sunan garinku na nan, ko an rubuta shi daidai, ko tungayenku na ciki. In akwai abin da bai yi muku ba, ku taru, maza da mata da makiyayan da ke kusa da ku, ku yi magana har ku tsaya a kan abu ɗaya. Ku je wajen garuruwan da abin zai shafa ku gaya musu da bakinku, kar su ji a kasuwa. Daga nan ku rubuta takarda. Da Hausa ma ta isa, kundin 2025 ya ce ita ce harshen ƙasa. Ku sa sunan gari da ranar wata. Ku faɗi yawan gidajenku, da nisan cibiyar da kuke ciki, da nisan wadda kuke so, da kasuwa da likitar da kuke zuwa. Ban da zagi, ban da sunan kowa. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ku yi ta kofi uku: ɗaya ga mai riƙon kwamin, ɗaya ga shugaban gunduma a Tasawa ko Mayahi, ɗaya ta zauna a akwatin maigari. Wanda ya kai ta ya roƙi a buga hatimi da kwanan wata a kan kofin da zai dawo da shi gida.